RA'AYINMU: KOFIN SHAYIN ZONGO DA ALJIHUN MAKIYAYI

Duk wanda ya yi sammako a Zongon Lome, ya fito daga masallaci bayan sallar asuba, ba zai rasa ganin teburin mai shayi a bakin titi ba. Ga burodi an jera, ga ƙwai, ga gwangwanayen madara an ɗora su bisa juna kamar ginin soro, ga kuma roba cike da madarar gari da cokali a cikinta. A kan bencin nan za ka tarar da dillalin shanu, da mahauci, da direban da ya kwana bisa hanya ya sauko da dabbobi daga Sinkase, har da makiyayin da ya rako su. Kowannensu da saniya yake cin abinci, da ita yake tufatar da iyalinsa, amma a cikin kofin da ke hannunsa babu ko ɗigo ɗaya na nonon saniyar ƙasar nan. Abin da yake kurɓa ya ƙetaro teku ne a cikin buhu, aka sauke shi a tashar jiragen ruwa ta Lome.

Wasu daga cikin masu karatu za su ce me ya haɗa jaridar kare haƙƙin makiyaya da zancen shayi da leda da wayar salula, alhali ga matsalar burtali da mashaya da harajin kan iyaka ba a gama da su ba. Amsarmu ita ce, ba mu bar waɗancan ba, kuma ba za mu bar su ba. Sai dai mun daɗe muna lura cewa wanda ya toshe burtali muna ganinsa, muna kai ƙararsa gaban hukuma, amma asarar da ke shigo mana ta hanyar kayan da muke saye da kuɗinmu kullum safiya, babu mai ɗaga murya a kanta. Mu a wajenmu ma'aunin kowane kaya guda ɗaya ne: me ya yi wa saniya, me kuma ya yi wa mai ita?

Sanin kowa ne cewa Zongo da fatauci aka kafa shi, kuma fataucin shanu da goro su ne ginshiƙansa. Dattawanmu ba su manta da shekarar 1977 ba, lokacin da hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari, aka kwashe jama'a aka kai su wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birni. An rasa gidaje da rumfuna, amma sana'a ba ta mutu ba, domin tana tsaye ne bisa amana: Bafillace ko falke ya zo da shanunsa daga arewa, ya sauka wurin mai gidansa, mai gida ya ba shi masauki da abinci, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan mahauci ya ɗauki sa bashi. Har wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna cikinmu ya wallafa littafi a kan wannan tsari a shekarar 1983. To, unguwar da asalinta ke nan, in ba ta damu da makomar nono da nama ba, wa zai damu?

Ba yau aka fara ba. Waɗanda suka yi kasuwa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 suna tune da naman ƙanƙara, wato guntattakin naman shanu mai kitse da ƙasashen Turai suka riƙa turowa biranen bakin teku irin su Abijan da Kwatano da Lome. Gwamnatocinsu ne ke biyan masu fitar da shi tallafi, saboda haka yana isowa nan da arhar da babu san Sahel da zai iya karawa da ita. Shanu suka yi kwantai a kara, makiyayi ya sayar da biyu a kuɗin ɗaya. Sai da wasu ƙungiyoyin sa kai na Turai suka tayar da ƙura a 1993 kafin aka rage tallafin, sannan aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Kayan waje suka yi tsada, mahauta suka waiwayo kara. Karya darajar kuɗin ta gasa wa talaka aya a hannu ta fuskoki da dama, wannan ba a musu, amma ta nuna mana abu guda a fili, cewa arhar kayan waje ba daga sama take faɗowa ba, wani ne yake tsara ta a kan teburinsa.

Abin da ya faru da nama shi ne yake faruwa da madara, sai dai wannan karon ya fi wuyar ganewa, domin ya shigo har cikin ƙwaryar fura. Tun 1984 Tarayyar Turai ta ƙayyade wa manomanta iyakar madarar da za su tatsa. A ƙarshen watan Maris na 2015 aka ɗage wannan ƙa'ida, kowa ya saki hannu, ga shi kuma tun 2014 Rasha ta rufe ƙofarta ga kayan abincinsu. Madara ta yi musu yawa, har rumbunan gwamnati suka tara fiye da tan 350,000 na garin madarar da aka cire wa mai. A nan ne dabarar take. Man shanu yana da tsada a kasuwar duniya, saboda haka sai a yaɗe shi a sayar daban, abin da ya rage a zuba masa man itatuwa, galibi na kwakwar manja, wanda bai kai ko kusa da kuɗin man shanu ba, a busar, a ɗura a buhu mai kilo 25, a yo Afirka ta Yamma da shi. Da ya iso, harajin kwastan da tsarin bai ɗaya na CEDEAO ya ɗora wa irin wannan buhu kashi 5 ne kacal cikin 100. Daga nan a farke buhu, a ƙulla a ƙananan ledoji, wani da suna da hoton saniya, wani ko rubutu babu.

Idan Bafillatana ta ga an yi wa nono irin wannan aiki, ta san sunansa. A ruga, wadda ta kaɗe nononta ta kwashe mai, ba ta kiransa kindirmo, tsala take ce masa, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Da za ta zuba masa manja ta kawo kasuwa da sunan kindirmo, da ranar ba ta sake samun mai saye ba. Abin mamaki, ita kanta ƙa'idar abinci ta duniya da hukumomin FAO da WHO suka gindaya a 2006 ba ta kira wannan gari madara kai tsaye ba. Ta ce gauraye ne na madarar da aka cire wa mai da man itatuwa, ta kuma wajabta a rubuta a jikinsa cewa bai dace da jarirai ba. To, a wace leda ce ta bakin titin Zongo aka rubuta haka? Uwa nawa ce take dama wa jaririnta wannan gari, tana ganin ta ba shi madara?

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Ba mu ce guba ce ba, ba mu kuma ce a hana shigo da madarar gari ba. Wanda ya ce a hana, bai san lissafi ba. Nonon da ake tatsa a Togo bai isa ya ciyar da Lome ba, balle sauran garuruwa. Saniyarmu da rani da ƙyar take ba da lita ɗaya ko biyu bayan ɗan maraƙi ya sha, kuma a lokacin garke ya yi nisa wajen neman ciyawa. Da damina kuma nono ya yi yawa har a rasa yadda za a yi da shi, ga hanya ta lalace, ga babu firji. Mai shayi yana son abin da zai ajiye wata guda bai lalace ba. Mai yogot da mai dege suna son abin da za su samu kullum a farashi ɗaya. Magidancin da ke da 'ya'ya takwas kuwa, ƙullin da ya fi arha shi zai ɗauka, kuma babu wanda zai ga laifinsa.

Mu ma da namu laifin, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Akwai masu tsarma nono da ruwa, wani lokaci ma ruwan da bai kamata a sha ba. Akwai masu tatsar saniyar da aka yi wa allura jiya su kawo kasuwa yau. Akwai masu raina tafasa madara, alhali cutar tarin fuka da bakkale suna iya bi ta ɗanyen nono su kama mutum. Matar birni da ta taɓa sayen nono ya ɓata wa 'ya'yanta ciki, ba za ka sake jawo ta da wa'azin kishin ƙasa ba. Idan muna son a saya, wajibi ne abin ya zama mai tsabta.

Amma duk da haka, a dubi wagashi. Cukun nan da matan Fulani ke yi da madara da ruwan tumfafiya, su rina bayansa da jan karan dafi, babu gwamnatin da ta ba shi tallafi, babu mai yi masa talla a rediyo, ga shi kuwa ana rububinsa daga Dapango har bakin teku, ana soya shi ana sa shi a miya a gidajen da ba su taɓa ganin ruga ba. Dalili shi ne yana jure tafiya, kuma babu buhun da ya zo da irinsa. Wannan ya ishe mu hujja cewa mutanen birni ba ƙin kayanmu suke yi ba, isowa gare su ne ba ya yi. Abin da ya raba nonon ruga da kofin Zongo bai wuce firji mai aiki da hasken rana, da tukunyar tafasawa, da babur mai ɗaukowa da sassafe ba. Waɗannan kuwa duk kayan zamani ne, kuma irinsu muke maraba da su. Kuɗin wagashi da na nono a hannun mace yake faɗawa, da shi ake sayen hatsi da gishiri da sabulu. Ranar da ya yanke, sai a kama ɗan maraƙi a kai kasuwa, haka garke yake zaizayewa ba tare da an ankara ba.

Tun watan Yunin 2018 'yan'uwanmu na ƙungiyoyin APESS da Billital Maroobe da ROPPA suka ƙaddamar da gangamin kare nonon gida a ƙasashe irin su Nijar da Mali da Burkina Faso da Senegal, suna neman a ƙara haraji a kan garin da aka gauraya da man itatuwa, a kuma tilasta wa masana'antu su riƙa sayen wani kaso daga makiyaya. Muna tare da su ɗari bisa ɗari. Ko da yake waɗannan ƙasashe uku na farko sun fice daga CEDEAO a watan Janairun 2025, buhunan ba su daina bi ta tasharmu suna hawa arewa ba, don haka maganar ta shafi Lome fiye da kowa.

Ita kuwa ledar da ake ƙulla madarar a ciki, da 'yar'uwarta baƙar leda, da ta ruwan sha, ba mu da wata kalma mai daɗi a kansu. A tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa idan ya farka tumbin sa ko na tunkiyar da ta yi kiwo a gefen gari. Dunƙule ne na leda da igiya da tsumma, ya murɗe ya yi tauri kamar dutse, wani sai an sa hannu biyu kafin a ɗaga. Dabba tana lasar ledar ne saboda gishiri da maiƙon abincin da ke jikinta, ta haɗiye, ba ta narkewa, ba ta kuma fita. Sai ka ga saniya cikinta ya kumbura amma ƙashin bayanta ya fito, ba ta tuƙa, nono ya ƙafe. Mai ita ya yi ta sayen maganin tsutsa da allurar sammore yana ɗura mata, kuɗi na tafiya a banza, a ƙarshe a sa mata wuƙa don kada ta yi mushe, a sayar a wulaƙance.

Gwamnatin Togo ta fitar da doka tun watan Janairun 2011 da ta haramta ledar da ba ta ruɓewa. Muritaniya ta yi tata a 2013, kuma mutuwar dabbobi na cikin dalilan da hukumominta suka bayar. Nijar da Burkina Faso suka biyo baya a 2014. Doka dai ga ta a takarda. Wanda yake son ya ga inda ta tsaya, ya bi bakin titi daga Zongo zuwa kasuwar shanu ta Adetikope, ya duba magudanan ruwa da filayen da ake tsayar da dabbobi kafin ranar kasuwa. Ruwanda ta hana a 2008, ta kuma tsaya a kan hanin, shi ya sa ake ba da misali da ita. Amma kafin mu nuna hukuma da yatsa, wa yake karɓar leda uku don sayen goro ɗaya da ƙosai da sukari? Iyayenmu da ganye da faifai da ƙwarya suka ci kasuwa, tsire kuwa a takarda ake naɗe shi, bai kuma rage daɗi ba.

Wayar salula ita ce kayan zamanin da muka fi yi wa shaidar alheri. Kafin ta shigo a ƙarshen shekarun 1990, mutum zai baro Mango ko Sinkase da shanu bai san ko kasuwar Lome ta cika ko ta yi ƙaranci ba, sai ya iso ya tarar da abin da Allah Ya nufa, ga kuɗin mota ya riga ya hau kansa, ba shi da zaɓi sai ya sayar. Yau kafin a ɗora sa a mota an ji farashi. Mai neman ciyawa yana tambayar wanda ya riga shi gaba inda ruwa ya sauka, da inda manoma ba su gama kwashe amfani ba, wanda hakan kaɗai ya kashe fitina da yawa tun ba ta tashi ba. Aika kuɗi ta waya, irin su Flooz, ya rage yawan masu ɗaure miliyoyi a ƙugu suna bin hanyar dare. Wanda bai yi boko ba ma yana aika saƙon murya da Fillanci ko Hausa. Ƙaramin faifan hasken rana da ake cajin waya da shi, da fitilar da ke tare da shi, sun fi mana tocilan mai cin batir nesa ba kusa ba, ga shi ba a bar wa maruƙa mataccen batir a ƙasa su lasa ba.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Wayar da ke gaya maka farashi, ita ce ke gaya wa ɓarawo cewa ka sayar. Da ita masu satar mutane suke ciniki a kan ran ɗan'uwanka. Rajistar layi tana bukatar katin shaida, makiyaya da yawa kuwa ko takardar haihuwa ba su da ita, sai su yi rajista da sunan wani, ranar da rigima ta taso kuɗin da ke ciki ba nasu ba ne a idon doka. A yankin Savanes, inda aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Yunin 2022 saboda hare-haren 'yan bindiga, layin da ba sunanka ba yana iya jawo maka tambayoyin da ba ka da amsarsu. Abin da ya fi damunmu kuma shi ne hotunan gawarwaki da ake yaɗawa ta WhatsApp, ba a san ƙasar da abin ya faru ba, ba a san shekarar ba, a ce Fulani ne suka yi, ko a ce Fulani aka yi wa. Wanda ya tura irin wannan bai tantance ba, ya sani yana iya zama sanadin ƙona rugar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Akwai kuma wani abu da matasa ke mantawa. Wasu sun ɗauka tunda ga waya, an gama da mai gida da dillali, sai su yi ciniki kai tsaye da mutumin da muryarsa kawai suka sani. Mun ga inda aka kwashe shanu a kan alkawarin za a turo kuɗi gobe, gobe ta yi aka kira layi a kashe. Da ta hannun mai gida aka bi, da shi zai biya ko ya nemo mai biya, domin sunansa ne jarinsa. Waya tana kawo labari, amma ba ta tsaya wa kowa.

Saboda haka muna kira ga gwamnati da ta matsa a teburin CEDEAO a raba harajin madarar gaskiya da na garin da aka gauraya, a kuma hana sayar da kowane ƙulli da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Kuɗin da aka samu daga ƙarin harajin a zuba shi wajen kafa wuraren tara nono masu firji kusa da rugage, a damƙa su a hannun ƙungiyoyin mata, kada a bar su a hannun 'yan kwangila. Muna kira ga hukumar gari da shugabannin kara da su sa ranar kwashe leda a filayen da dabbobi ke kwana, mu kuma za mu fito da matasanmu. Sarakunan Zongo da limamai su taimaka da faɗakarwa a kan tura hotunan da ba a tantance ba, da kuma muhimmancin yi wa yara takardar haihuwa.

Ku kuma iyayenmu mata da masu shayi, ga abin da za ku iya yi tun gobe. Idan za a sayi madarar gari, a juya bayan gwangwani ko ledar a duba. In an ga an rubuta "matière grasse végétale" ko "huile de palme", to gaurayen nan ne. Babba yana iya sha in ya ga dama, amma kada a biya shi kuɗin madarar gaskiya, kada kuma a ba jariri. In an ga "lait entier", wannan ba a cire masa mai ba. Wanda bai iya karatun Faransanci ba, ya kawo ledar ko gwangwanin ofishin ƙungiya a karanta masa. Muna kuma roƙon kada a jefar da fankon, a bar mana shi, domin muna tara su ne mu kai wa hukumar kula da ciniki ta gani da idonta.